Gida da Gadon Asibiti: Yadda Muhalli Ke Ƙara wa Tsoho Ƙarfi Ko Ya Karya Shi

Duk wanda ya yi jinyar mahaifi ko kaka a 'yan shekarun nan zai iya cin karo da shawarwarin da ke karo da juna. A da, abin da kowa ya sani shi ne mara lafiya ya kwanta ya huta. Yanzu kuwa likitocin tsofaffi cewa suke yi a tashe shi ya taka, ko da robar ƙarin ruwa tana hannunsa. Ana cewa babu inda hankalin tsoho ya fi kwanciya kamar ɗakinsa, sannan a dawo a ce a cikin gida ne tsofaffi suka fi faɗuwa su karye. A watan Nuwamba na 2020 hukumar da ke biyan kuɗin jinyar tsofaffi a Amurka ta amince asibitoci su riƙa yi wa wasu majinyata cikakkiyar jinya a gidajensu maimakon a ba su gado, Ingila ma ta faɗaɗa irin wannan tsari, kuma ga wanda bai san dalili ba abin zai yi kama da korar mara lafiya domin a rage cunkoso.

Abin da ya haɗa waɗannan maganganu shi ne wata fahimta da masana tsufa suka cimma tun rabin ƙarni da ya wuce, wadda sai yanzu take ratsa tsarin asibitoci: ba a jikin tsoho kaɗai ake auna rauninsa ba, ana auna shi ne tsakanin jikin da wurin da aka ajiye shi. Lamarin ya shafi kusan kowane gida, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Ƙarfin jiki dabam, abin da mutum ke iya yi dabam

A rahoton da ta fitar kan tsufa a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba abubuwa biyu da aka saba cakuɗawa. Na farko shi ne ƙarfin da ke tattare da mutum: gani, ji, ƙwarin gaɓoɓi, tunani da natsuwar zuciya. Na biyu shi ne abin da yake iya aiwatarwa a zahiri, kamar ya yi wanka da kansa, ya sa tufafinsa, ya zaga banɗaki, ya fita ya gana da jama'a, ya yanke wa kansa shawara. Na biyun ba ya samuwa sai an haɗa na farkon da muhalli. Dattawa biyu za su iya samun ciwon gwiwa iri ɗaya, likita ya auna su ya ga babu bambanci, amma wanda banɗakinsa ke taku goma daga gado kuma akwai ƙarfen dafawa a bango yana zaman kansa, wanda kuwa sai ya sauka matakala kafin ya kai ga nasa ya zama sai an kama shi.

Muhalli a nan ya ƙunshi gini da kayan da ke cikinsa. Ya ƙunshi haske, ƙara, zafi da iskar da ake shaƙa. Ya kuma ƙunshi mutane da tsarin yini, wato wa ke kusa, wa ke magana da tsohon, wa ke yanke lokacin barcinsa da tashinsa.

A 1973 wasu masana biyu na Amurka, Powell Lawton da Lucille Nahemow, suka tsara wannan tunani. Suka ce kowane wuri yana da nauyin da yake ɗora wa mai zama a cikinsa, kuma gwargwadon raguwar ƙarfin mutum, gwargwadon yadda wurin ke juya shi. Dokin ƙofar da matashi ke tsallakewa bai ma lura ba, shi ne kan iyakar duniyar mai shekara 85. Sai dai bayanin nasu yana da fuska ta biyu wadda aka fi mantawa da ita: wurin da ya sauke wa mutum dukkan nauyi, ba ya neman komai daga gare shi, shi ma illa yake yi, domin gaɓar da aka daina mora lalacewa take yi. Kusan duk saɓanin da ke cikin wannan batu daga waɗannan fuskoki biyu ya taso.

Tsakanin gado da banɗaki

A ɗauki dattijuwa mai shekara 78 da fitsari ya tashe ta ƙarfe biyun dare, abin da ke yawaita da tsufa. Ta miƙe da sauri, jininta ya sauka na 'yan daƙiƙoƙi, musamman idan tana shan maganin hawan jini, sai jiri ya ɗebe ta. Ɗakin duhu ne, kuma idon mai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 20 yake samu, sannan yana daɗewa kafin ya saba da duhu. Idan tana da ciwon suga, tafin ƙafarta ba ya gaya mata abin da ta taka. Ta zura silifas ɗin da ba ya kama dunduniya, gefen darduma ya ɗan naɗe, wayar caji ta gitta hanya, daɓen banɗaki kuma da sauran jiƙa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya kayar da ita shi kaɗai, haɗuwarsu ce ke yi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, kuma faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a duniya duk shekara, inda waɗanda suka haura 60 suka fi kowane rukuni yawa. Karayar ƙugu ita ce mafi muni, domin kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsofaffin da suka same ta ba sa cika shekara guda. Amma ko faɗuwar da ba ta bar rauni ba tana barin tsoro. Tsohon ya rage tafiya, 'ya'ya da jikoki su ma su tsorata su fara cewa ya zauna a ɗauko masa, ƙafafun su ƙara sanyi, faɗuwa ta gaba ta ƙara matsowa. Garin neman gira ake rasa ido.

Ko gyaran gida yana hana faɗuwa? Wani nazari na ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 22, ya gano cewa duba gida da kawar da abubuwan haɗari yana rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 26 cikin 100, kuma da kashi 38 ga waɗanda dama suke cikin haɗari, kamar wanda ya taɓa faɗuwa ko aka sallamo shi daga asibiti kwanan nan. Ga tsofaffin da ke da ƙarfinsu kuwa ba a ga wani bambanci ba. Wannan ya dace da abin da Lawton ya faɗa, kuma yana nuna inda ya kamata a fara kashe ƙarfi. A birnin Baltimore, shirin CAPABLE da Sarah Szanton ta jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta ya riƙa tura ma'aikaciyar jinya, da ƙwararre kan ayyukan yau da kullum, da mai gyare-gyaren gida zuwa gidajen tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi har tsawon wata biyar. Abin lura shi ne tsohon ne ke faɗin abin da yake so ya iya yi, kamar ya yi wanka ba tare da an riƙe shi ba, sannan a gina gyaran a kan wannan buri. A gwajin da aka buga a 2019 kan mutum 300, wahalar ayyukan yau da kullum ta ragu da kashi 30 cikin 100 a wata na biyar, ko da yake bambancin ya dushe bayan shekara guda, alamar cewa gyaran gida ba aikin yi sau ɗaya ba ne.

Akwai kuma wani abin da gida ke bayarwa wanda babu kafintan da zai ƙera shi, wato sabo. Mutumin da ya shekara arba'in a ɗaki ɗaya jikinsa ya haddace inda komai yake, yana dafa kujera, ya dafa bango, ya isa ƙofa ko da ganinsa ya yi rauni. Ga mai cutar mantuwa, wannan sabo ne ke cike gurbin abin da ƙwaƙwalwa ta zubar. Shi ya sa iyalin da suka tashi rana ɗaya suka sauya wa komai wuri, ko suka ɗauke tsoho zuwa sabon gida mai kyau ba tare da shawararsa ba, kan yi mamakin ganin ya ƙara rikicewa.

Zafi, sanyi, hayaƙi da kaɗaici

Jikin tsoho ba ya saurin daidaita zafi, gumi yana raguwa, ƙishirwa kuma ba ta faɗakar da shi a kan lokaci. A tsananin zafin watan Agusta na 2003, Faransa ta yi asarar mutane kusan 15,000 fiye da yadda aka saba, akasarinsu waɗanda suka haura shekara 75. Binciken da ya biyo bayan zafin da ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Chicago a 1995 ya nuna cewa waɗanda suke zaune su kaɗai, da waɗanda ba sa fita kullum, da mazauna saman bene sun fi shiga haɗari. A ɓangaren sanyi, ƙa'idojin gidaje na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 sun ba da shawarar kada ɗumin cikin ɗaki ya gaza digiri 18 a ma'aunin Selshiyos a ƙasashe masu sanyi, kuma sun ce tsofaffi na iya buƙatar fiye da haka. Hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki ma ya fi cin wanda ya fi daɗewa a cikin gida, kuma tsoho yana cikin irin waɗannan.

Darasin Chicago ya nuna cewa ba a raba gini da mutane. A rahotonta na 2025 kan cuɗanyar jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, ta kuma danganta shi da mutuwar kimanin mutum 871,000 a shekara. Kaɗaici ba ya buƙatar gida ya zama kango. Dattijon da jinsa ya yi nauyi, aka ba shi ɗakin can ƙurya domin kada hayaniya ta dame shi, yana iya yini cikin gida mai mutum goma ba tare da an yi masa wata magana da ta wuce tambayar ko ya sha magani ba.

Abin da gadon asibiti ke ci

An tsara asibitin zamani ne domin ya yaƙi cuta mai tsanani cikin gaggawa, kuma a wannan fanni babu gidan da zai maye gurbinsa. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, karaya da ciwon da ke buƙatar tiyata duk na asibiti ne, kuma jinkiri a kansu hasara ce. Matsalar ita ce tsarin an gina shi a kan gado: a gado ake auna mutum, a gado ake ba shi magani, a gado likita ke sa ran samunsa idan ya zo zagaye.

Cynthia Brown da abokan aikinta a jihar Alabama ta Amurka sun ɗaura wa tsofaffi 45 na'urar auna motsi, dukkansu masu iya tafiya kafin a kwantar da su, suka buga sakamakon a 2009: kashi 83 cikin 100 na lokacinsu a kwance suka yi shi, tsayuwa da tafiya kuwa kimanin minti 43 a yini. Abin da irin wannan kwanciya ke yi wa jiki an auna shi a jihar Arkansas a 2007, inda aka kwantar da tsofaffi 12 masu cikakkiyar lafiya, 'yan kimanin shekara 67, har kwana 10. Sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu, ƙarfin tsokar da ke miƙe gwiwa kuma ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Matashi yana da rarar da zai jure wannan. Tsohon da dama da ƙyar yake miƙewa daga kujera ba shi da ita, kuma ragin da bai kai ya kawo ba ya isa ya tsallakar da shi daga mai tashi da kansa zuwa wanda sai an ɗaga.

Wannan ne likitocin tsofaffi ke kira nakasar da kwanciyar asibiti ke haifarwa. Kenneth Covinsky na jami'ar California da abokan aikinsa sun nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na majinyata masu shekara 70 zuwa sama suna barin asibiti da gazawa a wani aikin kula da kai da suke iya yi kafin ciwon, ko da an warkar da abin da ya kawo su. Ciwon kansa yana da nasa kaso, amma tsarin ɗakin ma yana da nasa: gado mai tsawo da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, robar fitsarin da aka sa domin sauƙin aiki aka manta ba a cire ba, kwanon bahaya a gado maimakon rakiya zuwa banɗaki, da abincin da aka ajiye nesa da hannu aka dawo aka ɗauke ba a taɓa ba.

An gwada sauya tsarin, kuma ya yi aiki. A 1995 Seth Landefeld da abokansa a birnin Cleveland suka buga sakamakon wani sashe na musamman na tsofaffi, mai ƙarafan dafawa a bango, da manyan agogo da kalanda, da tsarin tayar da majinyaci kullum da bitar magungunansa. Cikin majinyata 651, waɗanda suka shiga wannan sashe sun fi fita da ƙarfin kula da kansu, kuma kaɗan ne aka wuce da su gidajen kula da tsofaffi. A birnin Pamplona na Sifaniya, wani gwaji da aka buga a 2019 ya sa majinyata 'yan kimanin shekara 87 motsa jiki sau biyu a rana yayin zamansu a asibiti, suka fita da ƙarfi fiye da takwarorinsu ba tare da ƙarin haɗari ba.

Dare a ɗakin majinyata

Illa ta biyu ta fi ta farko tayar da hankalin iyali. Dattijo ya shiga asibiti da hankalinsa garau saboda ciwon huhu. Aka cire masa tabarau da na'urar ƙara ji aka sa a aljihun tebur domin kada su ɓace. Fitila ba ta mutuwa, na'urori suna ƙara, an tashe shi ƙarfe goma sha biyu an auna jini, an sake tashinsa da asuba an ɗebi jini. Babu taga a kusa, babu agogo, fuskokin da ke leƙo shi suna sauyawa. A dare na uku ya fara kiran sunan wanda ya daɗe da rasuwa, yana fizge robar hannunsa, yana cewa a buɗe masa ƙofa.

Wannan ruɗewar kwatsam ce, kuma ta bambanta da cutar mantuwa. Mantuwa tana shiga ne a hankali cikin watanni da shekaru. Ruɗewar kwatsam kuwa cikin sa'o'i ko kwanaki take zuwa, tana hawa tana sauka, kuma babbar alamarta ita ce mutum ya kasa tattara hankalinsa wuri ɗaya. Tana samun kusan ɗaya cikin uku na majinyata masu shekara 70 zuwa sama a sashen cututtukan da ba na tiyata ba, rabinsu da ita suke zuwa, rabi kuma a asibitin take kama su. Tana da wani nau'i na shiru, inda tsohon zai kwanta lamo yana gyangyaɗi, kuma shi ne aka fi kasa ganewa tunda ba ya damun kowa. Tana tsawaita kwanciya, tana ƙara haɗarin mutuwa, kuma ba kowa ne ke dawowa daidai yadda yake ba.

Sharon Inouye, wadda ke jami'ar Yale a lokacin, ta nuna a 1996 cewa ɗaure majinyaci, da robar fitsari, da ƙara masa magunguna fiye da uku, da rashin cin abinci sosai suna cikin abubuwan da ke tunzura ruɗewar. A 1999 ta buga gwajin da ta yi kan majinyata 852, inda aka bi matakai masu sauƙi: allo mai ɗauke da kwanan wata da sunayen ma'aikata, hira da majinyaci kullum, mayar masa da tabarau da na'urar ji, tafiya sau uku a rana, isasshen ruwan sha, da rage hayaniya da sauya lokutan magani domin a bar shi ya yi barci. Ruɗewar ta sauka daga kashi 15 zuwa kashi 9.9 cikin 100, ba tare da wani sabon magani ba.

Batun ƙara ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta nemi kada matsakaiciyar ƙarar ɗakin majinyata ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙara, wato kamar raɗa, amma nazarin jami'ar Johns Hopkins na 2005 ya nuna cewa ƙarar asibitoci da dare ta tashi daga desibel 42 a 1960 zuwa 60, daidai da hira ta sosai. Game da taga kuwa, ana yawan ambaton binciken Roger Ulrich na 1984 a wani asibitin Pennsylvania, inda waɗanda aka cire wa maɗaciya suna kallon bishiyoyi suka riga masu kallon bangon bulo fita da kusan kwana ɗaya, suka kuma rage shan maganin ciwo mai ƙarfi. Mutum 46 ne kacal, kuma ba tsofaffi zalla ba, don haka bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Abin da ya fi tabbata shi ne hasken rana yana daidaita agogon barci na jiki.

Kariya ko 'yancin motsi

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ma'aikatan jinya da shugabannin asibiti suna cewa faɗuwa ɗaya ta isa ta kashe tsohon da ke shan maganin tsinka jini, ma'aikata ba su da yawa, kuma ma'aikaciya ɗaya mai majinyata da dama ba za ta iya raka kowa yawo ba. Idan majinyaci ya faɗi, ana rubuta rahoto a nemi mai laifi. Idan kuwa ya kwanta ya narke a gado har ƙafafunsa suka mutu, babu takardar da ake cikewa. Tun daga Oktoban 2008, lokacin da hukumar inshorar tsofaffi ta Amurka ta daina biyan ƙarin kuɗin raunin da faɗuwa a asibiti ta jawo, matsin hana faɗuwa ya ƙaru, kuma hanya mafi sauƙi ta hana mutum faɗuwa ita ce a hana shi tashi.

Likitocin tsofaffi suna amsawa da cewa an gudu ne ba a tsira ba. Gwajin da Ronald Shorr ya jagoranta a Memphis, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa ƙararrawar gado mai kururuwa idan majinyaci ya yunƙura ba ta rage faɗuwa ba. Ƙarafan gefen gado ga wanda ya ruɗe suna iya sa shi ya haura ya faɗo daga inda ya fi tsawo. Ɗaurewa kuwa tana ƙara ruɗewar da aka yi ta dominta. Idan aka auna hujjojin biyu, na masu goyon bayan motsi tare da rakiya sun fi nauyi, amma damuwar ma'aikata gaskiya ce, kuma ba a magance ta da umarni sai da ƙarin hannu. Wannan ne ya sa aka kafa wani kamfe a Birtaniya a 2014 mai neman a bar iyalin mai cutar mantuwa su zauna da shi a asibiti ba tare da ƙayyade lokacin ziyara ba.

Irin wannan saɓani yana nan kan ɗakin mutum ɗaya da babban ɗaki. Ɗakin mutum ɗaya yana ba da sirri da barci, amma yana ɓoye majinyaci daga idon ma'aikata, kuma wasu tsofaffi kan ji an yasar da su.

Jinyar asibiti a cikin gida

Tsarin da ya fi jawo tambayoyi shi ne wanda likita da ma'aikatan jinya ke zuwa gida kullum da ƙarin ruwa, allurai, iskar shaƙa da na'urorin sa ido, ga wanda ciwonsa ya kai na kwanciya amma bai kai na kulawar gaggawa ba. A wani gwaji a birnin Boston da aka buga a 2020, cikin majinyata 91, kashi 7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya a gida ne suka koma asibiti cikin kwana 30, idan aka kwatanta da kashi 23 na waɗanda aka kwantar, kuma sun fi motsawa. A Birtaniya, gwajin da Sasha Shepperd ta jagoranta kan tsofaffi 1,055 'yan kimanin shekara 83 ya nuna cewa bayan wata shida adadin mace-mace kusan ɗaya ne, amma waɗanda suka ƙare a gidajen kula da tsofaffi sun fi ƙaranci a rukunin gida, kashi 5.7 a kan kashi 8.7.

Masu taka-tsantsan suna nuna cewa an tace majinyatan da aka zaɓa sosai, kuma a gwajin Boston kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka cancanta sun ƙi shiga. Tsarin yana buƙatar wutar lantarki, ruwa, waya, da motar da za ta iso da sauri idan jiki ya rikice. Inda babu waɗannan, mayar da mara lafiya gida janye kulawa ne kawai da sabon suna. Sannan nauyin dare yana sauka ne a kan iyali, galibi mata, waɗanda ba a horar ba kuma ba a hutar da su. Ba kowane gida ne ma wurin aminci ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin al'umma suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi ko sakaci a shekara.

Ranar sallama da makonnin da ke biye

Ga iyali, inda muhallan biyu ke haɗuwa shi ne ranar sallama, kuma a nan aka fi yin sakaci, domin kowa yana ɗauka an gama. Wanda ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba: ƙafafunsa sun yi sanyi, barcinsa ya birkice, magungunansa sun sauya, amma matakala da banɗakin suna nan yadda ya bar su. Wani nazari na 2009 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da ke ƙarƙashin inshorar gwamnatin Amurka da aka sallama daga asibiti suna komawa cikin kwana 30, kuma Harlan Krumholz na jami'ar Yale ya ja hankali a 2013 cewa da yawansu ba ciwon farko ne ke mayar da su ba, raunin da zaman asibitin ya bari ne ke buɗe ƙofa ga wani.

Saboda haka abin da iyali za su iya yi yana farawa ne tun ranar kwanciya. Su gaya wa ma'aikata abin da tsohon ke iya yi da kansa mako biyu kafin ciwon, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka dama haka yake. Su tabbatar tabarau, na'urar ji, haƙoran roba da sandarsa suna jikinsa ba a jaka ba. Su tambaya kullum ko an yarda ya tashi ya zauna a kujera ko ya taka, da kuma ko har yanzu akwai buƙatar robar fitsari. Idan ya fara sambatu ko ya yi shiru fiye da yadda aka san shi, su sanar nan take, kada su ce tsufa ne. Kafin ya dawo kuma, wani ya bi hanyar da ke tsakanin gadonsa da banɗaki da dare, ya ga abin da ƙafa ke karo da shi, ya sa fitilar da hannu ke kaiwa daga kwance, ya duba ko ƙafafunsa za su taɓa ƙasa idan ya zauna a bakin gado.

Gaggawar tana da dalili. Binciken da Cynthia Boyd da abokan aikinta suka buga a 2008 ya bi tsofaffin da aka sallama da sabuwar gazawa har shekara guda, ya tarar kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka koma yadda suke kafin ciwon, kuma waɗanda suka fara farfaɗowa cikin watan farko su ne suka fi samun wannan nasara.